Kaset ɗin da Aka Ɗinke Cikin Fata

Lome, 9 ga Fabrairu 2025

Yaya Hafsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Inna? Na ji a waya numfashinta na fita da ƙyar, ko da yake ta ce mini ba komai, kin san halinta. Mu nan lafiya lau, sai zafin bakin teku, wanda mutum ke fitowa daga wanka yana gumi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Elhaji direba alhali jiya muka yi waya. Salularki ba ta da sirri, duk yaran gidan sun san lambar buɗe ta, kuma abin da suka gani sai sun kai wa Inna. Ban so maganar nan ta je kunnenta tukuna.

Akwai wani Bature ɗan Beljik da ke zuwa shagona a kasuwar kayan gwanjo. Ba ruwansa da firiji ko fanka, tsofaffin kaset na wasan tele yake bi, irin waɗanda muke sharewa da tsintsiya. Yana da littafi mai hotunansu. Shekaranjiya yana buɗe mini shafi-shafi sai na ga wani jirgin yaƙi mai ruwan toka, da bindigogi uku a gaba, cikin baƙin teku. Sai da na nemi kujera na zauna. Yaya, kaset ɗinmu ne, wanda Yaya Abdulmumini ya zo da shi daga Arlit.

Baturen ya ce kamfanin da ya yi shi ya rushe tun ba a gama sayarwa ba, masu rubutun Faransanci kaɗan ne suka rage, kuma masu tara irin wannan kaya rububinsa suke yi. In takardar jikinsa ba ta yage ba, kuma yana kamawa, zai biya miliyan uku na sefa. Sai da na sa ya maimaita.

Na san yana nan cikin adakar Inna, a ɗinke cikin fata. Ki ɗauko shi yadda yake ki ba Elhaji. Kuɗin ya isa a kai Inna babban asibiti a Maraɗi, kuma abin nan ya bar mana gida.

Ƙanenki,
Nafi'u

Dakwaro, 6 ga Maris 2025

Nafi'u,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta yi kwana ashirin a hanya, ta iso tana warin gazuwal ɗin motar Elhaji. Yara lafiya, lakwal ma lafiya, sai dai ajina ya cika har ana zama ƙasa. Inna kam ba sauƙi. Ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce ruwa ne ya taru mata a ƙirji, a zaune take barci.

To, sannu attajirin Lome. Ka rubuta "ki ɗauko shi" kamar ludayi za a ɗauko a madafa. Shekararka tara lokacin, ƙila ka manta, bari in tuna maka.

Yaya Abdulmumini ya yi wa wani Bature aikin gida a Arlit, da zai koma ƙasarsu ya bar masa na'urar da kaset ɗin. Ya riƙa haɗa ta da batir ɗin mota a zaure, unguwa duka na zuwa kallo, don a Dakwaro wa ya taɓa ganin teku? Jirage biyar ake ba mutum, ya sa musu suna, ya tura su yaƙi. Ran wata kasuwa zaure cike da baƙi aka kunna, sai ga sunayen mutanen gidanmu a kan jiragen. Na Baba yana can ƙasa, ja wur, a nutse. Sunansa tsirara, ba Malam ba komai. Kwana tara bayan haka rijiyar da yake haƙa a Korahane ta rufta, ruwa ya taso masa. Mutumin da ya shekara talatin yana shiga rijiya yana fitowa, ruwa ya ci shi a ƙasar da ake tafiyar yini neman ruwa.

Ka san kalmar da gari ya kira yayanmu da ita, ba zan rubuta ta ba. Shi kuma bai musa ba, ya ce shi ya sa sunayen. Inna ta rantse ba zai sake taka cikin gidanta ba. Malamin unguwa ya ce kada a ƙone kaset ɗin, kada a jefar, tunda sunayen masu rai na ciki, a rufe shi kamar laya. Habi matar Agali maƙeri ita ta ɗinke shi.

Shekara ashirin da shida ke nan, Nafi'u. Yana Bader Gula yana kiwon dabbobin mutane, ba mata ba ɗa, don ba wanda ya yarda ya ba shi ɗiya. Ni ba miliyan uku ke hana ni sukuni ba. Tsorona Inna ta tafi ba ta yafe masa ba, kuma kwanakin nan ina ganin tafiyar a fuskarta.

Duk da haka na buɗe adakar, ranar Talata da azahar, tana gyangyaɗi. Yana ƙasan zannuwanta na aure. Ka san zafin da ake yi yanzu, sabulu ma tsagewa yake. Fatar nan a jiƙe take. Ba zanen da ya jiƙe, ita kaɗai, da sanyi, tana irin warin gugar da ta kwana cikin rijiya. Ban juya ba na ji muryar Inna a bayana: "Aje shi inda kika gan shi. Shina ɗiga, ba ki ji ba?" Ni ban ji komai ba, amma na mayar da shi da sauri.

Ka tambayi Baturenka: in ya saya, me zai yi da sunayen? Nawa na ciki, na Inna ma na ciki. Kuma kayan na Yaya Abdulmumini ne, sai an tambaye shi.

Yayarka,
Hafsatu

Lome, 2 ga Afrilu 2025

Yaya,

Na gaishe ki, na gaida Inna da jiki, Allah ya ba ta sauƙi. Na ɗan yi zazzaɓi amma na tashi.

Ke fa malamar lakwal ce, kada ki ba ni kunya. Fatar da aka jeme da mai takan yi damshi, ba wani abu ba ne. Maganar sunaye kuwa, ki kwantar da hankalinki. Na tambayi Baturen. Ya ce cikin kowane kaset akwai wani ɗan pil, wato ƙaramin batir kamar maɓallin riga, shi ke riƙe abin da aka rubuta. In ya daɗe ƙwarai ya yi shekara goma sha biyar, daga nan ya mutu, komai ya goge. Wato sunayen nan sun ɓace tun kafin ki haifi Aminatu. Roba ce kawai da ƙarfe kuke tsoro.

Abu biyu nake roƙonki, don Allah. Kada ki farke ɗinkin, kada ki kunna shi. Ni zan yi wannan a nan, a gaban mai saye. Na biyu, kada ki gaya wa Yaya Abdulmumini. In an gama zan yi masa bayani da kaina.

Elhaji zai taso daga Maraɗi ƙarshen wata. Ki sa shi cikin buhun gero ko na ƙuli-ƙuli, ki ɗaure bakin da kyau.

Nafi'u

Dakwaro, 11 ga Mayu 2025

Nafi'u,

Muna lafiya. Inna na nan yadda take. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da ta fi haka.

Da na karanta takardarka raina ya ɓaci. Na ce ashe Lome ta koya wa autanmu cin hakkin ɗan'uwa, a sayar da kayan mutum a ɓoye masa. Kwana uku ina zaginka a zuci. Sai kuma na sake karanta wurin da ka ce komai ya goge, wani tunani ya zo mini. In babu sunan kowa a ciki, me ya rage? Sai in kunna a gaban Inna ta gani da idonta cewa fanko ne, ba abin da ke riƙe da mijinta, ba abin da ke riƙe da ita. Ƙila zuciyarta ta yi sanyi ta ce a kira ɗanta. Na ga ka ba ni magani ba ka sani ba.

Amma na ce in fara gwadawa ni kaɗai. Na'urar tana rumbun baya cikin tsohuwar tukunya, na kai wa Bubakar mai gyaran rediyo, ya share ta, ya samo tsohuwar tele mai ƙusumbi. Habi ta tsufa, ba ta gani sosai, amma da na ɗora mata fatar a hannu ta gane ɗinkinta. Ta ce: "Ni na rufe, ba ni buɗewa." Da reza na farke shi da kaina. Takardar jikinsa lafiya lau, jirgin nan mai ruwan toka kamar jiya aka buga shi, ka gaya wa Baturenka ya yi murna.

Ranar Lahadi da tsakar rana muka kunna, a shagon Bubakar, rana na dukan kwano, titi ba kowa. Da farko yayyafi kawai telen ke yi. Sai teku ya fito. Sai ƙarar nan, ka tuna ta? Ɗis. A yi shiru. Ɗis. Nan take na gane, ita ce Inna ta ce tana ji.

Ba abin da ya goge, Nafi'u. Duka suna nan. Na Baba a ƙasa, ja. Na Inna ya karkata gefe ɗaya, hayaƙi na fita, ruwa ya kai rabinsa, kuma ni dai a sanina lafiya lau yake wancan lokacin. Nawa na tsaye. Na Huzaifa ɗan Kawu da ya zauna wurinmu na tsaye. Na biyar, wanda ban taɓa lura da shi ba don ina bayan mutane ranar, ABDUL aka rubuta. Na ce a raina, wane mutum ne zai sa kansa cikin jiragen da yake nutsarwa?

Bubakar ya danna wani maɓalli don ya kashe, sai ya kai mu wani shafi. Ashe wasan yana tambayar sunan mai jan jiragen kafin a fara. A sama, da manyan baƙaƙe, an rubuta KAPITEN, a gabansa kuma sunanka.

Bubakar ya dube ni, na dube shi. Ya zare wayar daga bango, ya ce shi bai ga komai ba, Allah ya saka masa. Na naɗe kaset ɗin cikin mayafina na dawo gida, ban nuna wa Inna ba.

Yanzu na gane abin da ya sa ka ce kada in kunna. Na yi maka zaton ɓarawo, ashe da ɓarawon ne da ya fi mini sauƙi. Ba zan ba Elhaji komai ba. Ka rubuto ka gaya mini da bakinka.

Hafsatu

Dakwaro, 14 ga Yuni 2025

Nafi'u,

Elhaji ya zo sau biyu hannu wofi. Ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, ya ce ka rame. Na kira ka sau bakwai ba ka ɗauka ba, kuɗin magani kawai na ga ya shigo. Mun gode, amma ba shi na tambaya ba.

An yi ruwan fari, an yi shuka. Inna ba ta iya zuwa bayan gida sai an riƙe ta. Kaset ɗin yana ɗakina cikin kwalla, kuma shekaranjiya ta ce mini: "Ɗigar ta koma ɗakinki." Ban gaya mata na ɗauke shi ba.

Ina iya zuwa in faɗa mata abin da na gani, amma ba ni ya kamata in faɗa ba. Zan jira ka har ƙarshen wata mai kamawa. Ita ce ban sani ba ko za ta jira.

Hafsatu

Lome, 29 ga Yuni 2025

Yaya Hafsatu,

Ina gaishe ki. Ban san yadda zan tambayi jikin Inna ba bayan abin da zan rubuta, amma ina tambaya.

Ni ne. Kafin ranar kasuwar nan, da la'asar ɗin ranar da ta gabace ta, Baba ya zane ni da igiyar guga don na bar akuya ta shiga gonar Kawu. Yaya Abdulmumini ya tafi kai batir caji ya dawo ya bar na'urar a haɗe. Na shiga zaure ina kuka, na goge jiragensa, na sa sunayenku. Na tura na Baba gaban bindigogin abokan gaba shi kaɗai, na saki hannu ina kallo. Bai nutse da wuri ba. Sau uku ina mayar da shi. Da ya tafi ƙasa na ji daɗi, Yaya, wallahi na ji daɗi, na je na ci tuwo.

Ranar da aka kawo gawar, Yaya Abdulmumini ya ja ni bayan rumbu ya ce: "In ka buɗe baki sai na karya ka." Ni a lokacin na ɗauka tsanata yake yi. Sai da na girma na gane. Shi ya kai wa Habi kaset ɗin da hannunsa, ya tsaya a kanta har ta gama, don kada wani mai karatun boko ya sake kunnawa.

Na yi karatu da kuɗin gonar da ya kamata ta zama tasa. Na yi aure, Inna ta sa mini albarka. Duk zuwana gida ina wuce mararrabar Bader Gula in kau da kai. Na zo garin da ake ganin teku ta tagar ɗaki, shekara goma sha ɗaya ban taɓa sa ƙafa cikinsa ba. Da na ga hoton a littafin Baturen, ba kuɗi na gani ba, hanyar da abin zai bar ƙasarmu na gani, ba tare da kowa ya karanta shafin nan ba.

Ban sani ba ko ni na kashe Baba. Da rana nakan ce rijiya ce ta rufta, kamar yadda rijiyoyi ke ruftawa. Na tambayi Baturen ko pil zai iya kai shekara ashirin da shida, ya yi dariya ya ce ba ya yiwuwa, in kuwa gaskiya ne zai ninka kuɗin. Na ce masa ya daina zuwa shagona.

Ki karanta wa Inna wannan takarda, kada ki tsallake ko layi ɗaya. Ki aika a kira Yaya Abdulmumini ya ji. Na san ragwanta ce in sa ki ki faɗa a madadina, amma in na ce sai na zo, zan sake samun dalilin fasawa.

Nafi'u

Dakwaro, 20 ga Yuli 2025

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Gero ya kai gwiwa, yara sun samu hutu. Inna na da rai, na fara da wannan don na san shi za ka fara nema.

Na aika Bader Gula, Yaya Abdulmumini ya zo ranar Alhamis da hantsi a bayan amalanke. Ka daɗe ba ka gan shi ba, gemunsa ya yi fari fat, in ka gan ku tare sai ka ce shi ya haife ka. Ya tsuguna a waje jikin katanga, ya ƙi ko shiga zaure. Na gaya masa abin da ke hannuna, ya fusata, ya ce wa ya aike ni, ya ce in yaga ta. Na ce ba tasa ba ce.

Na zauna bakin ƙofar ɗakin Inna na karanta da ƙarfi yadda za a ji har waje. Ban tsallake komai ba, har wurin tuwon. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana kallon ƙafafunta, har na yi zaton ba ta fahimta ba. Can ta ce: "Shina nan waje?" Na ce yana nan. Na ce in ce ya shigo? Ta ce: "Na rantse, kuma ba ni da ƙarfin azumin kaffara. Ku ɗauke ni ku hitar da ni."

Ni da maigidana da mata biyu na maƙwabta muka kama tabarmar, kowa da kusurwa. Muka ratsa tsakar gida da ita, muka ratsa zaure, muka ajiye ta a ƙasa a titi, mutane na wucewa suna tsayawa. Yaya Abdulmumini ya kasa ɗaga kai. Ita ta miƙa hannu ta lalubo fuskarsa, ta riƙa shafa gemun nan tana cewa: "Yaushe ka tsuhwa haka? Wa ya ba ka izini?" Sai ta ce shi ya yafe mata. Ban taɓa ganin babban mutum na kuka irin wannan ba, ni ma ban tsaya ina kallo da busasshen ido ba. Liman ya zo daga baya ya ce ciyar da mutum goma ya wadatar, aka dafa, yanzu yayanmu yana kwana a zaure.

Kaset ɗin ya karɓa. Ya ce a gaya wa mai saye ko miliyan ɗari ne ba na sayarwa ba ne, sunan uwarsa na ciki. Na ce ko mu sake kunnawa mu ga yadda jirginta yake, ya ce ba mai sake duba shi. Ya kai wa ɗiyar Habi ta mayar da shi cikin sabuwar fata. Game da kai kuwa abu ɗaya ya ce: "Yaro ne aka buga, ya yi hushi. Mi kuke so shi yi?"

Inna ce ban iya karanta ta ba. Kwana biyu ba ta ambace ka ba. Jiya ina shafa mata mai a ƙafa na yi ƙarfin hali na ce, Nafi'u fa? Sai da na gama ƙafa ɗaya na kama ɗayar. Sannan ta ce: "Shekara ashirin da shida ina zuba mishi tuwon wansa, shina ci shina kallona." Na ce yana neman gafara. Ta ce: "Ba a takarda ba. Shi zo shi tsaya gabana. In na ga idonshi na san abin da za ni ce."

Ban san abin da za ta ce maka ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na sani ba. Likita ya ce kada mu yi dogon lissafi. Ka rufe shagon ka taho.

Yayarka,
Hafsatu